Mene ne dunƙulewar al'adu?

Dunƙulewar al'adu ita ce al'ummomin da a da kowacce ke da nata harshe, sutura, abinci da tsarin biki su riƙa kama da juna sannu a hankali, har bambancin ya rage sai a suna. Ta sha bamban da cuɗanya. Tun zamanin fatake ake kai jar fatar akuyar Sakkwato ƙetaren Sahara, a dawo da littattafai da tufafi, amma kowa yana riƙe da nasa. A dunƙulewa kuwa, ɓangare ɗaya ke bayarwa, ɗayan yana ajiye abin da ya gada.

Da an ta da zancen, sai hankali ya tafi kan Turawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Dubi hotunan biki a TikTok: anko, dina, yankan kek, kwalliyar amarya iri guda. In ba a faɗa maka ba, ba ka sanin na Sakkwato ne, na Abuja ne ko na Legas. Taliyar Indomie da shawarma sun samu gindin zama a garin fura da hoce.

Sai dai a nan Arewa, babban mai haɗiye na ƙasa da shi ba Turanci ba ne, Hausa ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi waƙoƙi da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Yau da yawa daga zuriyar Fulanin da suka kafa daular bayan jihadin 1804 ba sa jin Fulatanci. Babu wanda ya kafa doka a kan haka. Kasuwa ce, da auratayya, da zaman birni. Irin matsin da ƙananan harsunan Kabi da Bauci da Filato ke fuskanta ke nan, a ƙasar da ke da harsuna sama da 500.

Ita ma Hausar tana cin kanta. Daidaitacciyar Hausa ta littattafai da jaridu, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, ta fi jingina da karin Kano. Rediyo ya ɗora, finafinan Kannywood suka ƙarasa. Basakkwace kan ce "shina tahiya", "wanga yaro", "mi kaka so". Ɗansa da ya tashi gaban talabijin da waya yana iya komawa "yana tafiya", "wannan yaro", "me kake so", musamman in ya ga a fim ɗan ƙauye ko mai ban dariya ake yawan ba Sakkwatanci. A ganina kunyar nan ta fi komai ɓarna. Da wuya a raba mutum da karin gidansu da ƙarfi, amma in aka yi masa dariya sau biyu a makaranta, da kansa zai gyara baki. Ga shi kuwa masana harshe na cewa Sakkwatanci ya adana tsofaffin siffofin Hausa da Kananci ya zubar.

Dunƙulewa tana da amfaninta: ɗan kasuwar Illela na ciniki da na Maiduguri ba tafinta. Kuma ba duk tsohuwar al'ada ce ta cancanci a yi kukan rashinta ba. Inda asarar take shi ne ilimin da ke tafiya da abin da aka yar. Ginin tubali da azara yana riƙe sanyi a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. An koma bulo da kwano don a yi kama da kowa, yanzu sai fanka da jiran wuta, magina na gargajiya kuma suna ƙarewa ba magada.

Damuwar ta kai majalisun duniya. UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, ta fitar da sanarwa kan bambancin al'adu a 2001, ta biyo da yarjejeniyar kare shi a 2005. Daga harsuna kusan 7,000 da ake magana da su a duniya, kimanin kashi 40 cikin ɗari na cikin haɗarin ɓacewa, kuma ana sa harshe a wannan sahu ne da zarar yara sun daina koyonsa a gida.