Waiwaye: ƙwayoyin da aka raina a binciken hawan jinin ido

Wanda ya taɓa raka mahaifinsa asibitin ido ya san maganar likita: "Baba, a riƙa ɗiga maganin nan kullum, kada a fasa." Aikin maganin ɗaya ne, sauke matsin ruwan da ke cikin ido. A kan wannan matsin hankalin likitoci ya tsaya tun 1857, lokacin da Albrecht von Graefe na Jamus ya bayyana tiyatar rage shi. Sai dai akwai waɗanda ake sauke musu matsin amma ganin yana ta tafiya, wasu ma nasu bai taɓa hawa ba.

Me ya sa haka? Wani ɓangare na amsar yana bayan ido. Zaruruwan jijiyar gani sama da miliyan guda suna fita ne ta wani wuri mai hudoji kamar rariya, kuma a 1981 Harry Quigley na jami'ar Johns Hopkins ya nuna a bakin rariyar nan ɓarnar take farawa. Wurin cike yake da ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, astirosayit, 'yan gidan da Rudolf Virchow ya raɗa wa suna "danƙon jijiya" a 1856. Sunan ya cuce su, don an daɗe ana ganin riƙo kawai suke yi.

Ashe su ne masu reno. Su ke ciyar da zaruruwan, su kwashe musu shara. A 2000 Rosario Hernandez ta bayyana yadda suke sauya hali idan cuta ta zo, har su sake fasalin rariyar. A 2017 kuma ɗakin binciken Ben Barres a Stanford ya nuna wasu ƙwayoyin garkuwar jiki kan zuga astirosayit su fitar da guba mai kashe jijiya.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na jami'ar Vanderbilt a 2020. A jikin ɓeraye, an ga astirosayit suna tura abinci daga jijiyar lafiyayyen ido zuwa ta mai ciwo, har mai bayarwar ta raunana. Ke nan kashe su ba mafita ba ne. Abin nema shi ne a hana su juyewa.

Har yau magungunan asibiti matsin kawai suke saukarwa. A Nijeriya kuwa, ƙidayar makanta ta 2005 zuwa 2007 ta sami cutar hawan jinin ido a jikin kusan 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama, akasarinsu ba su ma san suna da ita ba.