Shekarar Ibada ta Katolika

Shekarar ibada ita ce kalandar da Ikilisiyar Katolika take bi wajen tsara addu'o'inta, karatun Littafi Mai Tsarki da bukukuwanta, tana bin rayuwar Yesu Kristi daki-daki daga jiran haihuwarsa har zuwa saukowar Ruhu Mai Tsarki. Ba ta farawa da Janairu. Mafarinta shi ne Lahadi na farko na Adbent, wato lokacin jiran haihuwar Yesu, wanda yake faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Tsarin da ake bi yanzu Fafaroma Paul na Shida ne ya amince da shi a 1969, bayan babban taron Batikan na Biyu.

Kalandar tana tsaye ne a kan ranaku biyu. Kirsimeti ba ta motsi, kullum 25 ga Disamba ce. Ista kuwa, bikin tashin Yesu daga matattu, tana yawo: ita ce Lahadin farko bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris, ƙa'idar da ake dangantawa da taron Nikiya na shekarar 325. Shi ya sa tana iya zuwa da wuri, 22 ga Maris, ko ta yi jinkiri har 25 ga Afrilu. A 2024 an yi ta ranar 31 ga Maris, a 2025 sai 20 ga Afrilu. Duk inda ta matsa, sai ta ja Larabar Toka (ranar fara azumi), Hawan Yesu Sama da Fentikos (bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki) su bi ta.

A Turai aka gina wannan tsari, amma a Jos ya hau kan yanayin gari yadda ba a zata ba. Makonni huɗu na Adbent suna zuwa ne a tsakiyar hunturu, masu zuwa Mas ɗin asuba, wato babbar ibadar Katolika, suna lulluɓe cikin rigunan sanyi. Fada yana sa tufa mai launin shunayya, alamar jira da tuba, kuma a ranakun Lahadi ba a rera waƙar ɗaukaka ga Allah sai Kirsimeti ta zo. A Lahadi na uku akan sassauta, a sa launin ruwan hoda. Lokacin Kirsimeti kansa gajere ne, fari ake sawa, yana ƙarewa da bikin baftismar Yesu a watan Janairu.

Lent, wato azumin da ake yi kafin Ista, shi ne lokacin da ya fi fitowa fili ga wanda ba Katolika ba. Ranar Larabar Toka za ka ga mutane a kasuwar Taminus da ofisoshi da alamar gicciye ta toka a goshi. Tokar daga busasshen ganyen dabinon bara ake ƙona ta. Daga ranar zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, idan aka cire Lahadi shida sai a sami 40. A gari irin Jos, inda maƙwabta da yawa suke azumin Ramadan, akan ɗauka azumin iri ɗaya ne, alhali da bambanci. Azumin wajibi a Katolika kwana biyu ne kacal, Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau (ranar tuna gicciye Yesu), kuma ba ya hana shan ruwa: ana cin cikakken abinci sau ɗaya, a ɗan taɓa wani abu sau biyu. Ya hau kan mai shekara 18 zuwa 59. Barin nama kuma yana farawa daga shekara 14. Sauran kwanakin an bar wa mutum ya zaɓi abin da zai hana kansa, tare da yawaita sadaka da addu'a. Kowace Juma'a da yamma ana bin Hanyar Gicciye, tasha 14, ana durƙusawa a kowace, cikin zafin bazara. Kalmar Halleluya ma ajiye ta ake yi har azumi ya wuce.

Mako Mai Tsarki yana buɗewa da Lahadin Dabino. A cikinsa babban bishop yakan tara fadoji a Katidiral ɗin Uwargidanmu ta Fatima ya keɓe man da za a yi amfani da shi shekara guda wajen baftisma, tabbatarwa cikin bangaskiya, naɗin fada da shafa wa marasa lafiya. Daren Alhamis ana wanke ƙafafu. Ranar Juma'a ba a yin Mas ko kaɗan, bagade tsirara yake, matasa kan yi wasan kwaikwayon shan wuyar Yesu. Daren Asabar sai a hura wuta a waje, a kunna babban kyandir a shiga da shi majami'a cikin duhu, a yi wa manya baftisma. Murnar Ista tana ɗaukar kwana 50 har Fentikos, ranar da ake sa ja, kuma galibi lokacin ruwan farko ya sauka, manoma sun shiga shuka.

Abin da ya rage, mako 33 ko 34 a kashi biyu, shi ne lokacin yau da kullum, mai launin kore. Kashi mafi tsawo yana cinye sauran damina gaba ɗaya. A cikinsa akwai ɗaukar Maryamu zuwa sama a 15 ga Agusta, da ranar Dukan Tsarkaka a 1 ga Nuwamba, washegari kuma a yi wa matattu addu'a. Najeriya tana da nata ranakun: 20 ga Janairu ta Fada Cyprian Tansi, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana mai albarka a 1998, da 1 ga Oktoba ta Maryamu Sarauniyar Najeriya. Karatun Linjila na Lahadi kuwa shekara uku yake zagayawa, Matiyu, Markus, sannan Luka.

Shekarar tana rufewa da bikin Kristi Sarki, wanda Fafaroma Pius na Sha Ɗaya ya kafa a 1925. A nan ne damina ta sa Najeriya ta canza wani abu. Zagayen gari da Jikin Kristi, wato gurasar da aka keɓe a Mas, wanda wasu ƙasashe suke yi a Mayu ko Yuni, a nan an mayar da shi wannan rana ta ƙarshen Nuwamba, lokacin da ba a fargabar ruwa. Fada yana tafe ƙarƙashin rumfa, 'yan Zumuntar Mata Katolika cikin anko suna kiɗan tulu da gora, ana tsayawa wuri-wuri ana sa wa gari albarka kafin a koma majami'a.