Kisan kai a gaban kotu: bambancin sashe na 221 da na 222

Masu karanta ƙagaggun labaran shari'a sun saba da lauyan ƙaramin gari wanda zai miƙe a ranar ƙarshe ya tona asirin ainihin wanda ya yi kisan. A Babbar Kotun jiha kuwa, sau da yawa kowa ya san hannun da ya yi ɓarnar, jayayyar tana kan halin da aka yi ta ne.

Kundin dokokin laifuka na Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewacin Najeriya a 1960, ya tanadi hukuncin kisa a sashe na 221 ga wanda ya kashe mutum da niyya, ko kuma yana sane, ko yana da dalilin sanin, cewa mutuwa ce sakamakon da ya fi rinjaye na abin da ya aikata. Sashe na 222 ya zayyana yanayin da ke sassauta laifin, kamar tunzura mai tsanani da ta zo ba zato, da wuce gona da iri wajen kare kai, da faɗan da ya ɓarke nan take ba tare da shiri ba. Idan aka tabbatar da ɗaya daga ciki, sashe na 224 ya ba alƙali damar yanke ɗaurin rai da rai ko ƙasa da haka. Jihohi irin su Kaduna sun sabunta kundinsu, lambobin sun sauya, amma ma'anar tana nan.

A ɗauka manoma biyu sun yi cacar baki a kan iyakar gona, ɗaya ya sharara wa ɗaya mari, shi kuma ya ɗaga fartanyar da ke hannunsa ya kwaɗa masa a ka, har ya mutu. Lauyansa yana da abin kamawa, ko da yake kotu za ta auna ko martanin ya yi daidai da tunzurar. Amma in ya koma gida ya kwana, gari ya waye ya wasa adda ya nufi gonar, hujjar ta rushe, domin zuciya ta samu lokacin hucewa. A ganina wannan tazarar lokaci ita ce mutane suka fi jahilta.

Nauyin kawo hujja yana wuyan mai gabatar da ƙara, kamar yadda sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada, kuma sai ya kawar da duk wani shakku mai ma'ana. A tuhumar da hukuncinta kisa ne, ko wanda ake tuhuma ya amsa laifin da bakinsa, kotu za ta rubuta cewa bai amsa ba, ta ci gaba da sauraron shaidu, kuma in ba shi da halin ɗaukar lauya dole a samar masa.