Harin Marathawa a Surat: tambayoyin da kuke ta maimaita min

Su waye Marathawan ma tukuna?

Mutanen yammacin Indiya ne, inda ake kira Maharashtra yanzu. Jagoransu Shivaji, wanda ya kai wa birnin Surat harin nan a 1664, ya rasu 1680. Wannan kam na faɗa har bakina ya gaji.

Yaƙin addini ne, Hindu da Musulmi?

Kai jama'a, da kun ji sunan Aurangzeb, sarkin daular Mughal na lokacin, sai ku fara wannan. Kuɗi aka je nema. Virji Vora, attajirin da ya fi kowa a Surat, ba Musulmi ba ne, ɗan addinin Jain ne, kuma an kwashe gidansa tas kamar yadda aka kwashe na Haji Zahid Beg, attajiri Musulmi. Don Allah ku riƙa karatu kafin gardama.

To me ya sa Surat?

Nan kuɗin yake. Babbar tashar jiragen ruwa ce ta daular Mughal a bakin kogin Tapti, daga nan ma alhazan Indiya ke tashi zuwa Jidda. Shaista Khan, kawun Aurangzeb, ya zauna wa Shivaji a Pune tun 1660 yana cin ƙasarsa har aljihu ya bushe, shi ne a Janairun 1664 Shivaji ya faɗa wa Surat da mahaya dawakai. Garin ba shi da ganuwar kirki, gwamna Inayat Khan kuwa ya ruga cikin sansanin soja ya ja ƙofa, ya bar talakawa da Allah.

In kai ɗan kasuwa ne a lokacin, biya za ka yi ko gudu ko tsayawa?

Yawwa, wannan ce tambaya, kuma amsarta ya danganta. Turawan Ingila ƙarƙashin George Oxenden sun tsaya a gidan kasuwancinsu da igwa da matuƙan jirgi, kuma aka ƙyale su, don Shivaji bai zo ɓata lokaci a kan katangar da ke harbi ba alhali ga gidaje a buɗe. Amma kai ina ka ga igwa? Masu gudu sun tsallake kogi sun tsira da rai, sun dawo sun tarar da toka. Wanda aka kama yana ɓoye dukiya kuwa, akwai waɗanda aka sare wa hannu. Saura biya, wato chauth, kashi ɗaya cikin huɗu na harajin yanki a ba Marathawa su ƙyale ku, a takarda dai shi ya fi arha, sai dai sarkin Mughal ma bai yafe nasa ba, ka ga biya biyu ke nan, kuma wanda ka ba bana ya san hanyar gidanka baɗi. Duk da haka ba zan zagi wanda ya biya ba, Alivardi Khan mai mulkin Bengal ya yi kusan shekara goma yana fafatawa da su, a 1751 dole ya yarda da rupi miliyan 1.2 duk shekara ya kuma sallama Orissa. Mutanen Kolkata su rami suka haƙa a 1742 don tare Marathawa, sunansa har yau Maratha Ditch.

Shivaji ya sake dawowa Surat?

Ya dawo mana, Oktoban 1670. Kasuwa ta fara zamewa Bombay, a 1687 kamfanin kasuwancin Ingilan, wato East India Company, ma can ya mai da hedikwatarsa.