Gonar ƙauye a idon doka: wa ke da ikon yanka ta fulotai?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gezawa ko Dawakin Kudu ya ga yadda gonakin gero da dawa ke komawa fulotai. Dillali ya zo da igiya, a auna, a kafa turaku, mai unguwa ya sa hannu, shi ke nan an yi awon igiya. Babu wanda ya bar wurin makaranta ko magudanar ruwa, burtalin da shanu suka saba bi kuma an toshe shi da bulo. Mutane da yawa sun ɗauka cewa dokar filaye ta birni ce kawai. Alhali akwai sassan da aka rubuta domin ƙauye.

Dokar Amfani da Ƙasa ta fito ranar 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, kuma sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, ba a gyara ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki. A Arewa ba baƙuwa ba ce sosai, domin ta ɗebo da yawa daga dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962. Sashenta na farko ya danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Daga nan ta raba ƙasa biyu: ta birni tana ƙarƙashin gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke kula da ita, tare da kwamitin da zai riƙa ba ta shawara. Wane wuri ne birni? Wanda gwamna ya ayyana a jaridar gwamnati. Saboda haka ƙauye kan kwana yana karkara, ya wayi gari ya shiga lissafin birni.

Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya domin noma, gina gida ko kiwo. Akwai iyaka: ba za ta ba mutum fiye da hekta 500 na noma ba, ko hekta 5,000 na kiwo, sai da yardar gwamna.

To ina matsayin manomin da ya gaji gona daga kakansa, ba shi da ko ƙyallen takarda? Nan ne sashe na 36 ya shigo, kuma shi ne wanda na fi so kowane manomi ya sani. Wanda yake noma ƙasar karkara tun kafin dokar ta fara aiki, ana ɗaukarsa tamkar ƙaramar hukuma ta riga ta ba shi haƙƙi. Rashin satifiket bai mayar da shi ɗan kama-wuri-zauna ba. Yana iya kai zanen gonarsa ofishin ƙaramar hukuma a yi masa rajista. Amma wannan sashen da ya kāre shi, shi ne kuma ya ɗaure masa hannu: ya ce irin wannan gona ba za a rarraba ta ko a yanka ta fulotai ba, ba kuma za a miƙa ta ga wani ba. Cinikin da ya saɓa wa haka rusasshe ne, akwai kuma tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Sashe na 21 ma ya ce sayarwa ko jinginar da haƙƙin gargajiya sai da amincewar ƙaramar hukuma. Hatimin dagaci shaida ce mai amfani a gaban alƙali, amma ba shi ne amincewar da doka ke nufi ba.

Idan hukuma ta buƙaci gona domin amfanin jama'a, kamar titi ko asibiti, tana iya karɓa. Dole ne a ba mai gona sanarwa. Diyyar da za a biya ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini, amfanin gona, itatuwa, rijiya, ban da darajar ƙasar kanta. Wannan a ganina ƙwara ce ga mutumin da gonar ce duk jarinsa. Sai dai idan ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar noma, sashe na 6 ya wajabta mata ba shi wata a madadinta, in kuma ta ƙi biyan diyya, gwamna na iya sa a ƙiyasta ya umarce ta ta biya. Kotun Ƙoli ta kuma yanke cewa satifiket ɗin gwamna ba ya shafe haƙƙin da wani ya riga ya mallaka matuƙar ba a soke shi bisa ƙa'ida ba.

Abin da ke damuna shi ne tsari. Dokar tarayya mai lamba 88 ta 1992 ta tanadi cewa kowace ƙaramar hukuma ta kafa hukumar tsare-tsare, ta zana taswirar yankinta na karkara, domin a san inda gonaki za su tsaya da inda gari zai faɗaɗa. A 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, don haka nauyin ya koma kan majalisun dokokin jiha. Idan babu taswira, dillali ne ke tsara ƙauye. Dokar gandun kiwo ta Arewa ta 1965 ma haka abin yake: gandun da ba a sa masa alamar iyaka aka buga a jaridar gwamnati ba, yana da wuya ya tsira daga garma da bulo.

Kafin ka biya kuɗin fuloti a gefen gari, je sashen filaye na ƙaramar hukuma da ma'aikatar ƙasa ta jiha ka tambayi ko wurin ya shiga birni, da ko an amince da taswirar awon. Manomi kuma ya auna gonarsa, ya sa maƙwabtan iyaka su shaida, ya yi mata rajista tun kafin igiya ta iso.