Hira da mai lalurar fahimta don bincike: abin da doka ta tanada

Masu bincike kan shiga unguwannin Bauchi da takardar tambayoyi da na'urar naɗar murya. Idan suka tarar da mai lalurar jinkirin fahimta, galibi sai su zauna da mahaifiyarsa ko yayansa su yi ta tambaya a kansa, shi kuwa yana gefe ba wanda ya ce masa uffan. Wannan ya saɓa wa manufar dokokinmu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a yi bincike a kan mutum sai da rubutacciyar amincewarsa, bayan an bayyana masa manufar aikin da abin da zai iya biyo baya. Kundin ƙa'idojin binciken lafiya na 2007 ya ƙara da cewa sai kwamitin ɗa'a, wato mai kula da bin ƙa'idojin bincike, ya tantance aikin tukuna, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya dangwalawa a gaban shaida, kuma yana da damar janyewa duk sa'ad da ya so.

Waliyyi fa? Yana da gurbinsa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce a nemi amincewar iyaye ko waliyyi idan mutum ba shi da ikon bayar da ita a shari'ance. Sai dai lalurar kaɗai ba ta tabbatar da rashin wannan iko. Sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ya ce a tallafa wa mutum ya yanke shawararsa da kansa. A ganina nan ne aka fi yin sakaci, domin tallafin yana cin lokaci. Ana buƙatar bayani da gajerun jimloli cikin Hausar gida, da hotuna, da zama biyu ko uku maimakon guda mai tsawo. A ce masa ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, don mutumin da ya saba da tsawa zai iya cewa "to" ga kowace tambaya. Ya zaɓi wanda zai zauna kusa da shi, kuma in shi mai lalurar ya juya baya ko ya tashi a dakata.

Wanda aka ware saboda lalurarsa yana iya kai kuka Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda dokar hana wariya ta 2018 ta kafa. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutumin da ya nuna wariyar, da naira miliyan 1 ga kamfani.