Tiyon fitar da ƙazanta a ban-ɗakin jirgin ruwan shaƙatawa

Tiyon fitar da ƙazanta shi ne mesar da ke ɗaukar bahaya da fitsari daga famfon masan jirgin ruwa zuwa tankin ajiya, ko kuma zuwa bawul ɗin da ke buɗewa cikin teku ta jikin jirgin. A ƙananan jiragen shaƙatawa faɗin cikinsa yakan kasance milimita 38, alhali tiyon da ke shigo da ruwan kora milimita 19 ne. Toshewarsa na cikin matsalolin da masu irin waɗannan jirage suka fi kuka da su, kuma sauya shi aiki ne da ake gudu, saboda maƙera jirgi sukan shimfiɗa shi kafin su ɗora kabad da daɓe da bangon katako a kansa, sai ya zamana yana bin lungunan da hannu ba ya kaiwa.

Tarihi

A zamanin manyan jiragen filafilai na Turai babu irin wannan tiyo ko kaɗan. Matuƙa sukan zaga can goshin jirgi, inda aka huda katako a saman ruwa, igiyar teku kuma ta wanke wurin. A 1775 Alexander Cumming ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ruwa domin tare wari, a 1778 kuma Joseph Bramah na Ingila ya fito da nasa mai bawul, wanda aka daɗe ana amfani da ire-irensa a jiragen ruwa. Shigar da masai cikin jirgi ta zo da matsalar da babu ita a gida: sau da yawa kwanon masan yana daidai da bakin ruwa, wato layin da ruwan teku ya kai a jikin jirgi, ko ƙasa da shi, saboda haka ƙazanta ba za ta gangara da kanta ba, dole a tura ta da famfo, kuma duk hanyar da za ta fita hanya ce da teku zai iya shigowa.

Misalin da aka fi ambata shi ne na jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, U-1206. Ranar 14 ga Afrilu 1945, kusa da gaɓar Sukotland, an buɗe bawulolin masansa ba bisa tsari ba, ruwan teku ya kwararo ya isa ga batura, iskar kulorin mai guba ta tashi, jirgin ya fito sama dole, aka kai masa hari, ma'aikatansa suka nutsar da shi. Akwai masu jingina ɓullar ruwan ga wani gyara daban da ake yi a lokacin.

Tsofaffin jiragen shaƙatawa da bututun dalma ko na tagulla suke aiki. Tiyon roba da na filastik sun maye gurbinsu ne a hankali, galibi bayan tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da aka fara ƙera jirage da yawa da gilashin fayiba. Daga baya doka ta ƙara wa tiyon tsawo da kwana-kwana, domin ta tilasta saka tanki. Dokar tsaftar ruwa ta Amurka ta 1972 ita ce ta buɗe wannan hanya. Sashe na 4 na MARPOL, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta hana jirage gurɓata teku, ya fara aiki ranar 27 ga Satumba 2003, ya hana zubar da ɗanyar ƙazanta ƙasa da mil 12 na teku daga gaɓa, amma ya shafi jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe masu girman tan 400 zuwa sama, ko masu ɗaukar fiye da mutum 15. Ƙananan jirage dokar kowace ƙasa ce ke hawansu: Holan ta hana su zubarwa a ruwanta a 2009, Suwidin kuma a 2015.

Abin da ke toshe shi

Mutane sukan zargi takarda ko tsumma da wani baƙo ya jefa, kuma hakan na faruwa, amma yawanci abin da aka jefa ɗin ya tarar ne da hanya ta riga ta tsuke. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam kimanin miligiram 400 a kowace lita, da magniziyam kimanin 1,300. Idan fitsari ya kwana cikin tiyo, ƙwayoyin bakteriya sukan mai da sinadarin yuriya da ke cikinsa amoniya, ruwan ya koma mai kaifi irin na kanwa, sai gishirin kalsiyam da na magniziyam su rabu da ruwan su manne a bangon tiyon. Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a cikinta ya ga ɗan'uwan wannan ɓawo, sai dai na tiyo ya fi kauri, launinsa tsakanin toka da ƙasa-ƙasa, kuma idan aka yanka tiyon a gicciye za a ga zobe bisa zobe kamar na kututturen itace, da 'yar kafa a tsakiya wadda wani lokaci yatsa ma ba ya shiga. Idan faɗin ciki ya ragu daga milimita 38 zuwa 19, kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar ne ya saura.

Tushen abin shi ne rowar ruwa wajen kora. Mita ɗaya na wannan tiyo yana cin ruwa fiye da lita ɗaya, kuma kamfanin Jabsco, mai ƙera masan jirgi na famfon hannu, yana ba da shawarar a buga famfo sau 7 ga kowane mita. Mai amfani kuwa da zarar ya ga kwano ya yi fes sai ya daina, abin da ya kora yana nan kwance a tsakiyar hanya.

Alamomin matsalar su ne famfo ya yi tauri, ruwa mai datti ya riƙa dawowa kwano, ko wari ya ƙi barin jirgi. Ana gwada ko warin ya ratsa jikin tiyon ta hanyar naɗa masa tsumma mai ruwan zafi, a bar shi ya huce, a fita da shi waje a shinshina.

Sauya shi a wuri mai ƙunci

Kafin a kwance komai ana tabbatar da cewa ba ƙaramin bawul ɗin roba da ke bakin famfo ne ya toshe ba, domin shi sauya shi minti kaɗan ne. Ana zuƙe tanki, a kora ruwa mai daɗi iya abin da zai wuce, a rufe bawul ɗin jikin jirgi. Idan bawul ɗin ya tsufa ko ba ya rufuwa sosai, a fitar da jirgin tudu shi ne daidai. Idan kuma a kan ruwa za a yi, ana ajiye matoshin katako mai tsini a kusa. Wanda ya yi ta buga famfo a kan toshewa ya tara matsi a ciki, don haka ana sassauta zoben ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyon a hankali, da tsumma a kai, da safar hannu da tabarau.

Tsohon tiyo yakan ƙame a bakin mahaɗarsa. Ana tausasa shi da ruwan zafi ko na'urar hura iska mai zafi, idan ya ƙi a tsaga bakin a tsaye da wuƙa ba tare da an ji wa mahaɗar ba. Murɗa shi da ƙarfi a kan bawul ɗin jikin jirgi kuskure ne babba, domin idan tagullar ta zaizaye tana iya karyewa a hannu. Kowane baki da aka cire ana cusa masa tsumma, a rufe da leda, a ɗaure.

Muhimmin abu a duk aikin shi ne kada a zare tsohon tiyo shi kaɗai. Shi ne kaɗai ya san hanyar da ya bi ta bayan kabad da ƙarƙashin daɓe, kuma idan ya fita babu abin da ke biye da shi, sabon zai yi ta tokarar bango a cikin duhu. Ana haɗa bakin sabon da na tsohon da gajeren itace ko mahaɗar filastik a ciki, a kafe su da ƙananan sukurori ko a ɗinke da waya, a naɗe da salatif har wurin ya yi sumul, domin zoben ƙarfe ba zai wuce ta hudar bango ba. Mutum ɗaya yana ja, ɗaya yana turawa, suna magana da juna, taki ɗaya bayan taki ɗaya, jikin tiyon kuma an shafe shi da sabulun wanke kwanuka. Man fetur da giris suna lalata wasu nau'o'in roba. Inda tsohon ya sandare har ba ya lanƙwasuwa, ana fara zura igiya mai ƙarfi ta bi hanyar, sannan a yanka shi gunduwa-gunduwa da zarto. Waya mai kyamara da tocila, ko madubi a kan sanda, sukan nuna maɗaurin da ya riƙe shi a ɓoye. Wani lokaci babu makawa sai an yanka 'yar taga a bangon kabad a sa mata murfi, kuma wannan ya fi alheri ga wanda zai sake aikin nan gaba.

Sabon tiyon ana yanka shi ne bayan ya zauna a wurinsa. Kada a bar masa ƙwarin da ruwa zai kwanta. Idan masan yana ƙasa da bakin ruwa, tiyon yana hawa sama da bakin ruwan ya yi baka mai ɗan bawul ɗin shan iska, wanda ke hana teku zuƙowa ciki. Kowace mahaɗa da ke ƙasa da bakin ruwa ana sa mata zobe biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Nau'in tiyo

Farin tiyon filastik ya fi araha, amma wari ya fi saurin ratsa shi kuma yana da taurin lanƙwasa. Na robar butil ya fi tsada da laushi. Tiyon ban-ruwa na lambu bai dace ba. Wasu sukan cire tsohon su buga shi a ƙasa har ɓawon ya zube su mayar, wasu na ganin wahalar ba ta kai kuɗin sabo ba.

Rigakafi

Ana kora ruwa mai daɗi kafin a bar jirgi, a kuma zuba ruwan khal, wato binega, lokaci-lokaci. Kan ko yana narkar da ɓawon da ya riga ya yi kauri, ra'ayi ya bambanta. Asid mai ƙarfi yana narkarwa, amma yana cin ƙarfe.

A ruwan daɗi

A Kamaru jiragen da ke kan ruwan gishiri suna gaɓar Duwala da Limbe da Kiribi. A arewa kuwa, kogin Binuwai a Garwa, da tafkin Lagdo da aka kammala madatsarsa a 1982, da Logon da Shari a Kusiri da Njamena, da tafkin Chadi, duk ruwan daɗi ne, ɓawon kuma ba ya saurin taruwa. Abin da famfo ke zuƙowa a nan, musamman da damina, laka ce da yashi, waɗanda ke kwanciya a duk inda tiyon ya yi ƙwari, su kuma cinye robar famfo. Ruwan nan shi mutanen gaɓa ke sha, a cikinsa suke wanki da kamun kifi, kuma yanki ne da kwalara da tsargiya ke yawo, saboda haka jirgin da ke da masai a waɗannan wurare ya kamata a haɗa tiyonsa da tanki ne, a kwashe a tudu.